Motar Surukina Mai Ja Hagu

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata sun shige mini duhu yanzu, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsoma motar surukina cikin kududdufi ba, a kan idon danginsa da nawa. Har yau in na tuna sai in ji bayan wuyana ya ɗauki zafi. Jikokina a bakin kakarsu suke jin labarin, ita kuwa tana ƙara masa gishiri yadda ta ga dama, shi ya sa na ce bari in faɗa da bakina ko a rage mini wani abu.

A shekarar da aka ba mu mulkin kai ne. Ina saurayi, ina aikin gyaran mota a wani ɗan garaji a unguwar Zango, wurin ubangidana Malam Sanda, tsohon soja wanda ya koyo aikin a barikin Nasara. Motocin Damagaram a lokacin ba su da yawa, duk mun san su kamar yadda mutum ya san awakin unguwarsu: ta kumandan mai mulkin gari, ta likita, kamiyoyi, wato manyan motocin ɗaukar gyaɗa, sai 'yan tsiraru na attajirai. Saboda haka makaniki abin kallo ne, ni kuwa na ɗauki kaina da girma ƙwarai. Ina tafe ina kaɗa ƙarafa a aljihu don a ji. In yara suka biyo ni sai in haɗe rai kamar ba na so (ina so mana).

Ina neman auren Rabi, 'yar wani Alhaji a cikin Birni. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya daɗe a Kano yana fataucin goro da tufafi. Can ya yi ƙarfinsa, can ya koyi tuƙin mota, sai da girma ya fara kama shi ya dawo gida. Bai hana ni Rabi ba, amma kuma bai ba ni ba. Labari ya iske ni cewa ya ce shi bai ga dalilin da zai sa ya ba da 'yarsa ga mutumin da ke wuni kwance a ƙarƙashin mota kamar ƙadangare ba, sai fa in ya tabbata aikin nasa aiki ne na gaske. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Ana nan, Nasara suka fara haɗa kayansu, masu motoci suna sayarwa. Alhaji ya sayi wata baƙa mai dogon hanci a hannun wani da zai koma ƙasarsu. Ba a daɗe ba sai ga ƙanensa, Baffa Laminu, ya zo garaji da saƙo. Ya ce Alhaji ya ce motar tana ja hagu, in duba ta. Sannan ya ƙara da cewa in buɗe idona da kyau, don ba motar kaɗai ake son a duba ba. Na gane sarai. Amma na dake, na ce masa ai wannan ƙaramin aiki ne.

Malam Sanda ba ya gari, ya tafi Gidimuni girbin geronsa ya bar mini garaji. Da yana nan da ban kai ga abin da na kai ba, domin yana da wata ƙa'ida da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Duk wanda ya kawo mota ya ce tana yin kaza, to kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya, ka shiga ka zauna kusa da shi, shi ya tuƙa, ya nuna maka abin da idonka. Na san ƙa'idar nan kamar sunana. Na sha bin ta da direbobin kamiyo, har da Nasara na bi ta.

Amma wannan Alhaji ne fa. Kai da kake karanta wannan a yau, wataƙila kana zama tabarma ɗaya da surukinka kuna shan shayi kuna gardamar siyasa. A zamaninmu in ka hango uban yarinyar da kake nema ya taho, lungu kake nema. In babu lungu, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, idonka a ƙasa, muryarka a ciki. Ba ka ci a gabansa, ba ka sha, ba ka ambaton sunansa. To ina ni ina zama kafaɗa da kafaɗa da shi a cikin akwatin ƙarfe, gwiwata tana gogar babbar rigarsa, har in buɗe baki in ce masa yaya kake riƙe sitiyari? Tunanin kawai sai da ya sa zufa ta keto mini. Na ce wa Baffa Laminu a kawo motar kawai, ba sai an wahalar da Alhaji ba.

Aka kawo ta. Na shiga ni kaɗai na kama hanyar Mirriya, na samu wuri miƙaƙƙe, na saki sitiyari. Motar nan ta miƙe sak. Na juyo, na sake saki. Sak. Na ƙara wuta, na rage, na bi ta kan tsakuwa, na bi ta kan yashi, ko gezau. Wani makanikin da murna zai yi. Ni kuwa ban yi ba, domin yanzu me zan aika a gaya wa Alhaji? In ce motarka lafiyarta lau? Wato ƙarya yake yi ke nan, ko kuwa bai iya tuƙi ba? Duk wanda na zaɓa a cikin biyun, Rabi ta tafi. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa lallai akwai ciwo a motar, ni ne ban gano shi ba tukuna.

Na fara daga inda ake farawa. Na gwada iskar tayoyin gaba, don in ɗaya ta fi ɗaya laushi mota wajen mai laushin take karkata. Daidai suke. Na shafa bakin tayoyin da tafin hannu in ji ko wani gefe ya fi cinyewa. Babu. Na sa kirik na ɗaga gaban motar, na kama taya ta sama da ƙasa na girgiza, ban ji wani motsi ba. Na kama ta gefe da gefe na girgiza, sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙafar hagu, ɗan kaɗan, wanda sai ka kasa kunne za ka ji. Na leƙa, ashe rotil ne ya ɗan ci, wato ɗan dunƙulen ƙarfen nan da ke haɗa sandar sitiyari da ƙafar mota. Wallahi ban taɓa murnar ganin abu ya lalace irin ta ranar ba. Saura kaɗan in sumbace shi.

A cikin raina na san wannan ɗan wasan bai isa ya ja ko keke gefe ba. Amma na danne. Na ciro wani rotil mai kyau daga gawar wata mota da ke bayan garaji, na sa, na cika shi da mai, na wanke motar har tana ɗaukar ido. Tsohon rotil ɗin kuwa na naɗe shi a tsumma mai tsabta na ba Baffa Laminu ya kai wa Alhaji ya ga shaida, kamar wanzami ya ciro beli. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Kwana kaɗan sai ga Baffa Laminu ya dawo, fuskarsa babu annuri. Ya ce jiya a bakin kasuwa saura ƙiris su shige ƙarƙashin wata kamiyo, sun tsira amma sun tafi da ƙafar rumfar wani tela. Ya ce Alhaji bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: wai wannan shi ne aikin nasa? Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma ƙarƙashin motar. Na duba lam, faffaɗan ƙarafan nan da mota ke zaune a kansu, ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ya karye ko ya kwanta. Na auna tsayin hagu da na dama daga ƙasa da kara. Na hau kan hancin motar na danna na saki, in ga ko wani gefe zai yi ta lilo. Na ɗaura igiya daga tayar baya zuwa ta gaba in ga ko ƙafafun suna kallon wuri guda. Na musanya tayar hagu da ta dama. Na kwance akwatin sitiyarin kansa, na wanke, na mayar. Duk abin da na taɓa sai in same shi lafiya, kuma duk wanda na samu lafiya sai hankalina ya ƙara tashi. Abinci ya daina shiga. Innata ta fara tambaya ko an yi mini wani abu ne, har ta jiƙa mini wani ɗaci ta tsare ni sai da na shanye.

Da na je zance wurin Rabi, a zaure, ƙawarta tana gefe, na kasa ko murmushi. Ta ce ta ji abin da ake ciki, gidan duk maganar ke nan. Sai ta ce, "To kai me zai hana ka shiga ya tuƙa ka gani?"

Na ce, "Ni? Kusa da Baba?"

Ta ce, "Cinye ka zai yi?"

Na yi mata dariyar manya, irin ta wanda ya san abin da mata ba su sani ba. Na ce mata wannan harkar ƙarfe ce, ta bar mini. (Wannan dariyar, har yau ba ta yafe mini ita ba. Duk sanda muka yi saɓani sai ta kwaikwaye ta.)

Abin da na iya yi kawai shi ne na tsare Baffa Laminu da tambaya, tunda shi yana shiga motar. Ashe shi ma ba ganau ba ne. Ya ce shi a baya yake zama, kuma da an tashi yake rufe ido ya kama salati, ba ya buɗewa sai an tsaya. Amma ya ce abin da ya ji Alhaji yana faɗa shi ne, in shi kaɗai ne a hanya motar lafiya lau take tafiya, da ya hango wata motar ta taho sai ta fizge hagu.

Nan take na ji kamar an kunna fitila a kaina. Na ce na gano! Mutum in ya hango mota me yake yi? Birki yake takawa. In ya taka ta fizge hagu, to birkin hagu ya fi na dama kamawa. Shi ke nan. Na fita da motar, na taka birki, ta tsaya sak ba ta karkata ko'ina ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya sake tunani. Ni kuwa sai na ce ai ƙafar Alhaji ta fi tawa nauyi, mutum ne mai jiki, shi ya sa take yi masa ba ta yi mini. Ka ji fa. Na dawo garaji, na ɗaure birkin dama tamau, na sassauta na hagu, wai don in ja ta dama daidai gwargwadon yadda take jan Alhaji hagu, su haɗu a tsakiya.

Ban gama wanke hannu ba sai ga Baffa Laminu da sauri. Ya ce kawunnaina sun matsa, Alhaji ya yarda su zo yau bayan la'asar a yi maganar sa rana, kuma yana so a kawo motar a lokacin, a gaban kowa, in ta gyaru a ga ta gyaru. A al'ada ni ba a ganina a irin wannan zama, amma wa zai kai motar in ba ni ba? Na ruga gida na yi wanka, na sa farar rigata ta sallah da sabuwar hula. Gwajin birki kuwa ban yi ba. Lokaci ya ƙure, kuma gaskiya ina tsoron abin da gwajin zai gaya mini.

Daga Zango zuwa Birni a hankali na tafi, yashin hanya ma ya ishe ni birki, ban taka ba ko sau ɗaya. Da na shawo kwanar gidan sai na hango su. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan Alhaji a gefe guda, kawunnaina a gefe guda, ƙwaryar goro a tsakiya an rufe da farin ƙyalle, takalma jere a bakin tabarma. Alhaji yana tsakiya a kan buzu. Ta saman katanga kuma ga kawunan mata. A hannun dama, ɗan gaba kaɗan da tabarmin, akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin gidan, damina ta cika shi taf, ruwan ya yi kore, agwagi suna iyo.

To a nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa in shigo da ɗan gudu, in tsaya cak a gabansu, yadda direban kumandan yake yi. Na ƙara wuta. Na zo daidai tabarma. Na taka birki da dukan ƙarfina.

Motar nan ta fizge dama kamar an ja ta da igiya. Sitiyari ya kuɓuce mini. Na ji tayoyi suna bi ta kan takalman dattawa, na ga wani tsoho ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun yana yaro, na ga agwagi sun tashi sama, sai kuma na ji tsulum. Hancin motar ya nutse, injin ya yi tari ya mutu, koren ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana cika mini takalmi.

Kowa ya zuba mini ido. Na zauna riƙe da sitiyari ina roƙon Allah Ya sa kududdufin ya fi haka zurfi. Bai fi ba. Dole na buɗe ƙofa na fito, ruwa iya cinya, taɓo ya riƙe mini takalmi ɗaya, farar rigar sallah ta koma abin da ta koma. Na ɗaga ido sai muka yi ido huɗu da Alhaji, karo na farko a rayuwata. Jikina bai yi shawara da ni ba, abin da ya saba kawai ya yi: na durƙusa in gaishe shi. A cikin ruwan. Ruwa ya kawo mini har wuya, hulata ta tashi ta bi agwagi, ni kuwa ina daga ciki ina cewa, "Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya?"

Babban kawuna ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Alhaji ya dube ni, ya dubi motarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen dattawa, da murya a kwance, ya ce, "Da hagu take ja. Yanzu ta koma dama. An samu ci gaba."

Dariyar da aka yi, har ta bayan katanga na ji, kuma na rantse na tsinci muryar Rabi a ciki (ta ce ba ita ba ce). Ba a buɗe ƙwaryar goro ba. Aka ce a dakata da maganar tukuna, kawunnaina suka tsinci abin da ya rage na takalmansu suka tafi ba wanda ya dube ni. Samarin unguwa suka kawo igiya aka janyo motar, aka tura ta har garaji, ina biye da takalmi ɗaya, yara suna biye da ni. Wannan karon da gaske ba na so.

Na yi kwanaki ban fita ko'ina ba sai garaji. Na tsiyaye ruwan injin, na busar da komai, na mayar da birki yadda na same shi. Na riga na sallama Rabi a raina, har na fara tunanin in bar garin in tafi Maraɗi inda ba a san ni ba. Da motar ta tashi na aika a zo a ɗauka. Sai ga Alhaji da kansa a ƙofar garaji. Na watsar da abin da ke hannuna na zube. Bai amsa gaisuwata da tsawo ba. Ya ce shi yanzu bai yarda da motar nan ba, bai kuma yarda da mai gyaranta ba, saboda haka in shiga mu tafi tare, in kisa za ta yi ta haɗa da wanda ya taɓa ta.

Na nufi ƙofar baya. Ya ce gaba.

Na shiga na manne da ƙofa, na tattare gwiwoyina, ina numfashi da rabin hanci. Muka kama hanyar Magariya. Abin mamaki, Alhaji ya iya tuƙi, hannunsa a kwance, yana bin tsakiyar hanya inda sawun tayoyi yake, kamar yadda kowa ke yi a lokacin, tunda sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba. Tunda ba ni da ikon kallon fuskarsa, sai na kafa idona a kan hannuwansa.

Can sai ga wata kamiyo ta taho, an lafta mata buhunan gyaɗa har tana rangaji. Direbanta ya koma hannunsa na dama, yadda ake yi a ƙasarmu. Ina kallo, da idona, hannuwan Alhaji suka murza sitiyari hagu. Ba motar ba ce. Shi ne. Shekarun da ya yi yana tuƙi a Kano, inda a wancan zamani hagu ake bi, su ne suka zauna masa a hannu. Kansa ya san nan dama ake bi, hannunsa bai sani ba. Muka nufi kamiyon nan baki da baki, shi kuwa yana cewa, "Ka gani ko? Ga ta nan ta fara."

Yaya zan ce masa? Da wace kalma zan fara? Ina neman lafazin ladabi, kamiyo tana ƙara girma, har ina ganin layun da ke rataye a gaban direban. Ban san sanda na daka wa surukina tsawa ba.

"Dama, Baba! Dama!"

Na damƙi hannunsa tare da sitiyarin na fizgo wajena. Kamiyo ta wuce ta gefenmu da ƙaho, iskarta ta girgiza mu, direban ya leƙo ya aiko mana da abin da ba zan maimaita ba. Motarmu ta gangara cikin yashi ta tsaya. Sai a lokacin na lura har yanzu hannuna yana kan nasa. Na janye kamar na taɓa garwashi.

Ni na san tawa ta ƙare: na tsoma masa mota, na yi masa tsawa, na kama masa hannu. Ya daɗe yana kallon tafukansa. Can ya ce in gaya masa abin da na gani. Na sunkuyar da kai, na lalubo abin da zai rufa mana asiri mu biyu, na ce, "Baba, ina jin motar ce ta saba da hanyar Kano."

Ya ce, "Motar nan ba ta taɓa zuwa Kano ba."

Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ni ne na je." Sannan ya tambaye ni tun ranar farko da na gwada ta, ta ja ko ba ta ja ba. Na ce ba ta ja ba. Ya ce to me ya hana ni faɗa? Na ce kunya. Ya gyaɗa kai, ya ce kunya abu ne mai kyau, shi ma yana son yaro mai kunya, amma tawa ta cinye masa rumfar tela da takalman baƙinsa, yau kuma saura kaɗan ta kai mu lahira. Daga nan ya buɗe ƙofa ya zagayo, ya ce in koma can in tuƙa mu gida.

Da muka iso ƙofar gida, mutane suna zaune. Ya fito ya gyara rigarsa, ya ce musu yaron ya gano ciwon, kuma ciwo ne mai wuyar ganewa, ba kowane makaniki zai gano shi ba. Baffa Laminu ya tambaya mene ne. Alhaji ya ce harkar ƙarfe ce, ba zai gane ba. Ya juyo ya dube ni, ni ma na dubi ƙasa, muka ƙulla abin da muka ƙulla ba tare da an ce uffan ba. A makon nan aka kira kawunnaina aka buɗe goro.

Sai dai fa ban ci bulus ba. Alhaji bai sake taɓa sitiyari ba, ya ce girma ya kama shi, kuma tunda Allah Ya ba shi suruki makaniki, me zai sa ya wahala? Ɗaurin aure, jana'iza, cin kasuwar ƙauye, duk inda za shi ni ne direba, yana gaba kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, har ƙarshen ransa, Allah Ya jiƙansa. Mutumin da na tsoma mota a ruwa don gudun zama kusa da shi sau ɗaya, sai da na yi shekaru ina zaune kusa da shi. Sirrinsa ban faɗa wa kowa ba sai bayan ya rasu. Nawa kuwa ba sirri ba ne, rabin Birni sun gani, har na yi furfura tsofaffin unguwar suna tambayata ko ruwan da sanyi.

Da Malam Sanda ya dawo daga Gidimuni ya ji labari, tambaya ɗaya ya yi mini, ko na shiga da mai motar. Na ce a'a, sai daga baya. Ya ci gaba da cin goronsa.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota ya ce tana ja gefe, ba na taɓa kirik, ba na duba rotil, ba na duba lam, sai na fara buɗe ƙofa na zauna kusa da shi na ce bismilla, ja mu gani. Ko waye shi kuwa. Na yi wa alƙali, na yi wa limamin unguwarmu. Da mijin 'yata ya kawo mini tasa, na ga yana ta noƙe-noƙe yana neman ya ajiye makulli ya gudu, sai na kama shi na zaunar da shi a gaba, na shiga kusa da shi. Yaron nan zufa har tana ɗiga daga haɓarsa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba cinye shi zan yi ba, kuma a bar kududdufi ya huta.